Dillancin intanet: yadda ake samun la'ada ta hanyar tallata hajar wasu

Dillancin intanet hanya ce ta neman kuɗi inda mai shafi ke nuna wa mabiyansa hajar wani kanti, idan aka saya ta dalilinsa a biya shi wani kaso na kuɗin cinikin. Ba shi da kaya a hannu, ba ya karɓar kuɗin mai saye, kuma ba shi ke kai kaya ba. Aikinsa shi ne haɗa mai saye da mai sayarwa.

Ga mazauna Sabon Layi da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, wannan ba baƙon tsari ba ne. A babbar kasuwar shanu ta Mubi, inda ake loda dabbobin da ake kawowa daga Kamaru da Chadi zuwa kudancin Najeriya, dillali ne ke tsayawa tsakanin mai dabba da mai saye, in ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa. Bambancin kawai shi ne a intanet na'ura ce ke shaida wanda ya kawo mai saye. Malaman fiƙihun Malikiyya sun san irin wannan yarjejeniya da sunan ji'ala, wato ladan da ake biya bayan aiki ya tabbata, matuƙar hajar halal ce kuma babu yaudara.

Asalinsa

Kamfanin Amazon na Amurka ne ya yaɗa tsarin a duniya, lokacin da ya buɗe shirinsa na Amazon Associates a shekarar 1996, yana biyan masu shafukan da suka tura masa masu sayen littattafai. A Najeriya harkar ta samu gindin zama bayan kafa kantunan Jumia da Konga a Legas a 2012, waɗanda dukansu suka buɗe ƙofa ga masu tallata musu haja. Daga baya an samu dandamali irin su Selar da Expertnaire, waɗanda suka fi karkata ga hajar da ba ta buƙatar mota, kamar littattafan lantarki da darussan bidiyo.

Yadda yake aiki

Wanda ya yi rajista da kanti yana samun mahaɗi na musamman mai ɗauke da lambarsa. Idan mai karatu ya latsa mahaɗin, ana ajiye wata 'yar alama a wayarsa ko kwamfutarsa, wadda ake kira kukis, domin kantin ya gane ta hannun wa ya zo. Alamar tana da wa'adi. A Amazon awa 24 ce: in mai karatu bai saka kayan a kwandon sayayya cikin wannan lokaci ba, la'ada ta wuce dillalin.

Mataki na gaba shi ne jerin haja mai sabunta kansa. Wannan fayil ne da kanti ke fitarwa, yawanci a tsarin XML ko CSV, ɗauke da sunan kowace haja da hotonta da farashinta da bayanin ko tana nan ko ta ƙare. Mai shafi yana haɗa fayil ɗin da shafinsa ta wata manhaja, sai hajar ta riƙa bayyana da kanta, farashi na canzawa duk lokacin da kantin ya canza shi. Amfanin wannan ya fito fili a Najeriya bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023, da hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Farashin wayar da aka rubuta da hannu kan tsufa cikin makonni, mai karatu kuwa da ya tarar da wani farashi dabam a kanti yakan ɗauka an yi masa ƙarya.

Lissafin riba

La'ada kan bambanta daga haja zuwa haja, kuma kanti ne kaɗai ke yanke ta. A matsayin misali, idan la'adar kashi 5 cikin 100 ce, fankar naira 40,000 za ta kawo wa dillali naira 2,000. Kafin ya tara naira 50,000 a wata sai ya jawo ciniki 25 irin wannan, alhali mafi yawan masu latsa mahaɗi kallo kawai suke yi su wuce. Idan mai saye ya mayar da kaya, la'adar ta faɗi. Daga abin da ya rage ne za a cire kuɗin data da na cajin waya da na riƙe shafi.

Kanti na iya sauya sharuɗɗa ba tare da shawarar kowa ba. A watan Afrilun 2020 Amazon ya rage la'adar kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa kashi 3, ta kayan abinci kuma daga kashi 5 zuwa kashi 1. Kamfanin yana kuma rufe asusun da bai kawo ciniki uku ba cikin kwana 180 na farko, kuma yana biyan kuɗin kowane wata ne bayan kimanin kwana 60. Shi ya sa masu harkar ke ɗaukarta a matsayin ƙarin kuɗin shiga, ba madadin albashi ko sana'ar hannu ba.

Abin da ya shafi Mubi

Mubi na da abin da harkar ke buƙata: ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa, da 'yan kasuwa masu hulɗa har cikin Kamaru, da jama'a masu karanta Hausa da jin Fulfulde waɗanda manyan kantuna ba sa yi wa bayani da harshensu. Cikas ɗin shi ne nisa. Tsakanin Legas da Mubi akwai fiye da kilomita 1,000, kuma kuɗin dako na iya cinye rangwamen da ya ja hankalin mai saye. Don haka wajibi ne dillali ya fara tantance ko kantin na kai kaya inda mabiyansa suke, da nawa, kuma cikin kwana nawa. Kayan da ake samu da araha a kasuwar Mubi ba su da riba a tallata su daga nesa. Waɗanda suka fi dacewa su ne marasa nauyi masu wuyar samu a gari, da hajar da ake saukewa a waya.

Zuba ɗaruruwan hotunan haja a shafi ba tare da bayani ba shi ma ba ya haifar da ɗa mai ido. Ƙa'idojin Google sun lissafa shafukan da ke kwafo bayanin kanti ba tare da ƙara komai ba a cikin shara, kuma ana danne su a sakamakon bincike. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne shaidar wanda ya gwada kayan, kamar bayanin yadda fitilar sola ta jure zafin watan Afrilu, har da aibinta.

Doka da kariya

Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta bayanin ƙarya ko na ruɗi game da haja. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta sanya tallace-tallacen intanet ƙarƙashin kulawarta. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta shafi duk mai tattara lambobin waya ko adireshin imel na mabiyansa. Kyakkyawar al'ada a ko'ina ita ce dillali ya bayyana a fili cewa yana samun la'ada daga mahaɗin da ya saka.

Akwai kuma masu fakewa da sunan dillanci suna damfara. Alamarsu ita ce ribar tana fitowa daga kuɗin rajistar sababbin mambobi, ba daga sayar da haja ba. Rushewar MMM a watan Disambar 2016 da ta CBEX a watan Afrilun 2025 sun nuna ƙarshen duk tsarin da ke biyan tsoffin mambobi da kuɗin sababbi, kuma Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 ta mayar da gudanar da shi laifi mai hukuncin ɗauri.

A kasuwar shanu, dillalin da ya ɓoye ciwon sa ya sayar sau ɗaya ne, gobe ba mai nemansa. Haka abin yake a intanet: hajar ta kanti ce, mahaɗin ma kanti na iya janye shi, jarin dillali kaɗai shi ne yardar waɗanda ke saurarensa.