Ƙidayar da ta tona asirin gubar dalma a Zamfara

Yau zan mai da mu shekarar 2010, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, inda ƙidaya gida-gida ta gano abin da ke kashe yara.

A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagaya ƙauyuka suna sa ido kan sanƙarau, sai suka ji labarin yara ƙanana na ta mutuwa. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, kafin a ankara ya cika. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, mutuwa ba ta tsaya ba. Da aka auna jinin wasu yaran, sai ga dalma jingim.

To, yara nawa abin ya shafa, kuma ta ina gubar ke shiga? Rajistar asibiti ba za ta faɗa ba, don wanda aka kawo kaɗai take rubutawa. Yaron da ya rasu a ɗakin uwarsa aka rufe shi kafin la'asar, ba ya cikin littafin kowa.

Saboda haka a watan Mayu, jami'an lafiya na Najeriya da na hukumar CDC ta Amurka suka bi ƙauyukan Dareta da 'Yargalma gida-gida, gidaje 119. Tambayoyin ba masu wuya ba ne: yara nawa ne a gidan nan? Nawa suka rasu cikin shekara guda? Me ya same su kafin rasuwar? Wace sana'a ake yi a tsakar gida?

Ku saurari amsar da kyau. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, an rasa 118, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Yawancinsu sun yi jijjiga. Kusan kashi biyu cikin uku na gidajen kuma ana sarrafa duwatsun zinare a cikinsu: a fasa, a niƙa, a wanke, a shanya. Duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurarsu na sauka a ƙasan da yaro ke rarrafe, shi kuwa komai ya taɓa sai baki.

Wannan lissafi ne ya nuna magani kaɗai ba zai wadatar ba, tunda yaro zai koma gidan da ya kwaso gubar. Sai aka fitar da niƙan dutse bayan gari, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba mai tsabta, MSF kuma ta ba yaran maganin da ke fitar da dalma daga jini. Mace-macen suka ragu ƙwarai, ko da yake an riga an rasa yara kusan 400, garin Bagega kuwa sai 2013 aka tsabtace shi.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, kowace uwa ta san nata rashin tun farko. Ba wanda ya tara su wuri guda ne kawai. Shi ya sa nake roƙon masu unguwanni, ungozomomi da limamai: ku riƙa rubuta haihuwa da rasuwar yara, da alamun ciwon, ko a littafin ɗan makaranta ne, ku kai wa ma'aikacin lafiya mafi kusa.

Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya raya mana na raye. Sai mun haɗu a shiri na gaba.