Daga Gyambon Ciki Zuwa Sankarar Hanta: Binciken da Ya Sauya Aikin Likita

A shekarar 1984 wani matashin likita a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall, ya ɗaga kofi cike da ƙwayoyin cutar da aka rena a ɗakin gwaji ya shanye. Cikin 'yan kwanaki amai ya kama shi, da aka zura masa na'urar leƙen ciki aka tarar bangon tumbinsa ya kumbura. Shi da abokin aikinsa Robin Warren sun daɗe suna cewa ƙwayar Helicobacter pylori ce ke jawo mafi yawan gyambon ciki, manyan likitoci suna yi musu kunnen uwar shegu, don a lokacin an tafi a kan cewa damuwa da yawan ruwan tsamin ciki ne sanadi. Yau cutar da a da take kai mutum ga wuƙar tiyata ana kawar da ita da maganin mako biyu. An ba Marshall da Warren kyautar Nobel a 2005.

Duk wanda ya bi tarihin wannan fanni zai ga binciken da ya fi tasiri shi ne wanda ya kama sanadin cuta dumu-dumu, har aka samu hanya mai araha ta tare ta. Bincike a Maiduguri ma ya sa hannu: likita Holcombe da abokan aikinsa sun tarar ƙwayar tana jikin mafi yawan mutanen da suka gwada, amma sankarar tumbi da ake dangantawa da ita ba ta yi yawa ba. A 1992 ya yi rubutun da ya kira lamarin abin ɗaure kai na Afirka, kuma har yanzu masana na muhawara a kai.

A hanta ne labarin ya fi zafi. Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B a cikin jini a shekarun 1960, abin da ya buɗe ƙofar gwajin jini da allurar rigakafi. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984, sai sankarar hanta ta ragu ƙwarai a tsakanin yaranta. A 1986 aka soma wani gagarumin nazari a Gambiya da jarirai sama da dubu 120, aka tabbatar allurar tana hana ƙwayar zama daram a jikin yaro. Nan ne muhimmancinta yake, domin jaririn da ya kamu lokacin haihuwa kusan kullum da ƙwayar zai girma, ba ciwo ba alama, sai ya kai shekara talatin ko arba'in idanu su yi shawara, ciki ya cika da ruwa, a kawo shi asibiti bayan aikin gama ya gama.

Ƙwayar kuwa tana da abokiyar ɓarna a rumbu. A 1960 talotalo kusan dubu 100 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗar Barazil, bincike ya kai ga gubar aflatoksin da fumfuna ke fitarwa a gyaɗa da masarar da aka adana ba su bushe sosai ba. Nazarin da aka yi a birnin Shanghai ya nuna mai ɗauke da nau'in B da ke cin wannan guba haɗarinsa na sankarar hanta yana ninkuwa sau da yawa. Ƙasar da ake tuwon masara da ƙuli-ƙuli kullum ba ta da hujjar yin sakaci da wannan ilimi. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar.

Nau'in C, wanda aka gano a 1989, ya riga ya samu magani. Daga 2013 aka fito da ƙwayoyin da ke warkar da sama da kashi 95 cikin ɗari a mako 12. Masar, inda cutar ta yaɗu ta allurar maganin tsargiya da ba a tafasa yadda ya kamata ba, ta gwada miliyoyin 'yan ƙasarta daga 2018, ta kuma haɗa maganin a gida da araha.

Yau hankalin manyan mujallu da kamfanonin magani ya karkata ga kitsen hanta da ƙwayoyin da ke zaune a hanji. Fannoni ne masu amfani, kuma ƙiba da ciwon suga suna ƙaruwa a Kano da Zazzau ma. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, kuma ciwon hanta na ƙwayar cuta ya kashe miliyan 1.3 a shekarar. Najeriya ta sa allurar cikin rigakafin yara tun 2004, amma ta farko ana son ta cikin awa 24 da haihuwa, alhali a Arewa mata da dama a ɗaki suke haihuwa a hannun ungozoma. Jami'o'in Arewa da na Nijar ya kamata su sa ƙarfin bincikensu a kan yadda allurar nan za ta isa ɗakin mai jego a ranar da ta sauka, da yadda za a gwada jinin kowace mai juna biyu tun wajen awo.