Daga Helsinki zuwa Dambatta: yadda Linux ya rabu iri-iri

Idan kana da tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo, irin wadda ake gani a shagunan buga takardu na Dambatta ko Bichi, ko a ofishin hedimasta a wani ƙauyen Makoɗa, to maganar nan ta shafe ka. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma da yawa cikin waɗannan na'urori ba sa iya ɗaukar Windows 11. Sai ka ji an ce ka koma Linux, kyauta ne. To, wanne daga ciki? Ai Linux ɗin ba ɗaya ba ne.

A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ya saki zuciyar tsarin kawai, wato ɓangaren da ke magana da injin kwamfuta. Sauran kayan aikin galibi daga shirin GNU na Richard Stallman suka fito. Kowa na da izinin ya ɗauka, ya gyara, ya rarraba. Kamar irin gero na gida ne: ka zaɓi zangarniyar da ta yi maka ka ajiye, maƙwabcinka ya zaɓi tasa. Shi ya sa tun 1993 aka samu Slackware da Debian, kowa da haɗinsa.

Babban abin da ya raba su shi ne yadda manhaja ke isowa gare ka. Ana ɗaure kowace manhaja a ƙunshi, tare da bayanin waɗanda take buƙata kafin ta yi aiki. Debian da Red Hat suna ba ka ƙunshin a shirye, kamar ka sayi gari a kasuwa. Debian ma sai ta gwada komai, ta fitar da sabon zubi kusan duk shekara biyu. A 2002 wasu biyu suka zo da wata dabara. Gentoo ta Daniel Robbins tsabar take ba ka, kwamfutarka ce za ta yi surfe da niƙa, kai ke zaɓar abin da zai shiga kowace manhaja da abin da za a bari. Arch ta Judd Vinet kuwa a shirye take bayarwa, amma kai za ka harhaɗa tsarin daga tushe, sabuntawa kuma ba ta tsayawa.

A takarda Gentoo da Arch sun fi ba da 'yanci. Sai dai fa 'yancin da kuɗinsa. Haɗa manhajar shiga intanet guda ɗaya a Gentoo kan tsohuwar na'ura yakan ci sa'o'i, kai kuma da sola ko janareta kake aiki. Arch data take sha ba ƙaƙƙautawa. Debian kuwa ana iya girka ta daga faifai ko filashi ba tare da intanet ba. Irin wannan matsala ce ta sa Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya gina kan Debian a 2004, ta riƙa aika faifai kyauta ta gidan waya har 2011.

Nijeriya ta taɓa ɗanɗana wannan zaɓi. A 2007 an raba wa ɗaliban firamare ta Galadima a Abuja ƙananan kwamfutocin XO, masu Fedora da aka sake wa fuska domin yara. A shekarar ne kuma aka yi odar kwamfutocin Classmate 17,000 ɗauke da Mandriva ta Faransa. Da labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows, shugaban Mandriva ya rubuta wa na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa. Kamfanin Mandriva ya rushe a 2015, amma aikin bai mutu ba, domin tun 2010 wasu masu haɗa ta suka ɗauki tushen suka kafa Mageia.

A ganina, ga makarantar ƙauye Debian ko wata 'yarta mara nauyi ta fi dacewa. Amma kafin ka ba da filashinka a ɗora maka, duba injin tukuna. Idan mai bit 32 ne, Arch ta bar shi tun 2017, Ubuntu ma ta bi sahu, Debian 13 ta Agustan 2025 kuma ba ta zo da hanyar girka shi ba. Sai ka nemi Debian 12.