Babur Ɗin Ruwa Na Tsaye: Ƙirƙirar Jacobson Ce Ko Ta Kawasaki?

Har gobe idan aka tambayi masu sha'awar tseren ruwa wa ya ƙirƙiro babur ɗin nan da ake tuƙawa a tsaye, akasarinsu Kawasaki za su ce, tunda sunan kamfanin ne ɓaro-ɓaro a jikinsa. Wannan amsar ce ta taɓa gurfanar da kamfanin na Japan gaban kotu a Amurka, domin akwai mutumin da ya ce shi ya yi aikin, aka shafe sunansa.

Mutumin shi ne Clayton Jacobson II, Ba'amurken da aka haifa a 1933. Ma'aikacin banki ne, amma hankalinsa kacokan yana wajen tseren babur a hamada. Yadda shi da kansa ya riƙa ba da labarin, wata rana ya sha ƙasa a hamadar Mojave, ya zauna bakin wata magudanar ruwa yana tsince tsakuwa daga raunukansa. A nan tunani ya zo masa na babur ɗin da idan mutum ya faɗi, ruwa ne zai tare shi. Ya ajiye aikin banki, a 1965 ya harhaɗa na farko da goran ruwa, sandar tuƙinsa a kafe. A 1966 ya yi na biyu da faiba.

Masu rage masa daraja kan ce ai an riga shi. Gaskiya ne a tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Vincent na Ingila ya fito da Amanda, amma zama ake yi a kansa, kuma farfelarsa a waje take. Gaskiya ne kuma Bill Hamilton na New Zealand ya riga ya tuƙa jirgi da feshin ruwa. To amma a dubi abin da Jacobson ya tsara. Babu kujera sam. Bayan injin akwai ɗan wurin da matuƙi zai fara durƙusawa, in gudu ya kankama sai ya miƙe. Sandar tuƙin, a ƙirarsa ta baya, an ɗaure gindinta ne a gaba, tana ɗagawa tana sauka daidai da motsin jikin matuƙi. Farfela kuwa tana ɓoye cikin bututu, tana zuƙo ruwa ta wata raga a ƙarƙashi, ta feso shi da ƙarfi ta baya, saboda haka ba ta yankar wanda ya faɗa ruwa. Bakin bututun ne ke karkata idan an murɗa hannu, shi ya sa duk wanda ya saki totur ya rasa ikon shan kwana. In babur ɗin ya kife, da kansa yake tashi. Duk wannan tunanin ɗan tseren da ya san zafin faɗuwa ne.

Kamfanin Bombardier na Kanada ne ya fara karɓar lasisinsa, ya fito da Sea-Doo na zaune a 1968, amma kasuwa ta ƙi, aka daina a 1970. A 1971 Jacobson ya ƙulla yarjejeniya da Kawasaki kan samfurin tsaye, kuma a 1973 Jet Ski ya shiga kasuwar Amurka iri biyu, WSAA mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da WSAB mai ƙasa tsinin V, da inji mai kimanin cc 400.

Da kaya suka samu karɓuwa sai zumunci ya lalace. Jacobson ya zargi Kawasaki da yin rajistar ƙirƙirar a Japan da sunan ma'aikatansa, da kuma tallan da ke nuna kamfanin ne ya ƙago ta, kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi. A 1991 masu taya alƙali yanke hukunci a kotun tarayya da ke Los Angeles suka ba shi gaskiya, suka ce a biya shi dala miliyan 21. Alƙali ya soke hukuncin ya ce a sake shari'a, sai ɓangarorin suka sasanta a 1992, aka amince Jacobson ne ya ƙirƙiro. Ni a ganina nan maganar ta tsaya. Kawasaki ya cancanci yabo kan inji mai ƙarko da ƙera dubbai, amma samfurin 1965 ya girmi yarjejeniyar da shekara shida.

Sauran labarin na ƙarin ƙarfi ne: JS440 a 1977, JS550 a 1982, sannan SuperJet na Yamaha a 1990, bayan Jacobson ya koma aiki da su. Baburan zaune masu ɗaukar iyali sun kwashe kasuwa, dokokin hayaƙi suka matsa wa tsofaffin injuna, Kawasaki ya dakatar da na tsaye bayan 2011, ya dawo a 2017 da SX-R mai inji cc 1,498. Jacobson ya rasu a Ostireliya a 2022 yana da shekara 88. 'Yan tseren da ke haɗuwa duk shekara a gasar duniya ta Lake Havasu, jihar Arizona, a kan tsarinsa suke tsaye har yanzu, kuma haƙƙinsa ne a kansu su san sunansa.