Kwamfutar tafi-da-gidanka a kasuwannin Kano: Yadda ake kula da ita

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta shiga jerin kayan aikin 'yan kasuwa a birnin Kano, tun daga masu canjin kuɗi na Wapa da dillalan atamfa na Kantin Kwari a yankin Fagge, har zuwa masu shaguna a kasuwar Sabon Gari.

A cikinta ne wasu ke ajiye lissafin kaya da sunayen waɗanda ake bi bashi da takardun odar kaya daga ƙasashen waje. Don haka lalacewarta kan zama babbar asara ga mai ita.

Wace iri ce ta kasuwanci?

Manyan kamfanonin ƙera kwamfuta na da samfurori na musamman da suke yi domin ofisoshi. Daga cikinsu akwai ThinkPad, wadda kamfanin IBM na Amurka ya fara fitarwa a 1992, kafin kamfanin Lenovo na China ya sayi sashen a 2005. Akwai kuma Latitude ta kamfanin Dell da EliteBook ta kamfanin HP.

Irin waɗannan sun fi na amfanin gida ƙwari, sun kuma fi sauƙin kwancewa idan gyara ya taso.

Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a titin Beirut da kewayen Sabon Gari na hannu ne, wato tokumbo, da ofisoshi a Turai da Amurka suka gama amfani da su. Wasu kan biyo ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas.

Zafi da ƙura

Babban abokin gabar kwamfuta a Kano shi ne zafi. Akasarin kamfanoni kan ƙayyade cewa kada a yi aiki da ita a wurin da zafinsa ya wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, alhali a watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40.

Ƙwaƙwalwar kwamfutar tana fitar da zafi yayin aiki. Wani siririn bututun jan ƙarfe ne ke kwashe zafin zuwa bakin ƙofar iska, sannan wata 'yar fanka ta hura shi waje.

A lokacin hunturu ƙura kan taru a kan fankar da ƙofar iskar har ta toshe su. Idan zafin ƙwaƙwalwar ya kusa digiri 100, sai ta rage gudu da kanta domin kada ta ƙone, wani lokaci ma ta mutu ɗif.

Alamomin sun haɗa da ƙarar fanka ba ƙaƙƙautawa da nauyin aiki da zafin ƙasan kwamfutar.

Maganin shi ne a riƙa ɗora ta a kan tebur ko wani abu mai tauri, a guji ajiye ta a kan katifa ko darduma ko ƙunshin yadi, domin suna toshe ƙofofin iskar. Yana da kyau a kai ta wurin mai gyara bayan kowane hunturu, ya buɗe ta ya share ƙurar.

Haka kuma akwai wani mai kauri da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da bututun, wanda ke bushewa bayan 'yan shekaru, sai an sabunta shi.

Wuta da batir

Rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa shaguna da dama a Fagge sun dogara da janareta ko sola. Wutar da ke hawa da sauka kan ƙona caja, a wasu lokutan har ta taɓa kwamfutar.

Cajar jabu mai araha ta fi saurin jawo irin wannan ɓarna, don haka gara ta asali ko da ta hannu ce.

Zafi yana rage wa batir kwana. Idan ya kumbura har ya fara ɗaga madannai ko murfin ƙasa, wajibi ne a cire shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Ƙara mata ƙarfi

Ba kowace tsohuwar kwamfuta ce ke bukatar canji ba. Abubuwa biyu ne suka fi farfaɗo da ita.

Na farko shi ne sauya tsohon rumbun ajiya mai faifan da ke juyawa da sabon samfurin SSD. Wannan ba shi da abin da ke motsi a ciki, don haka ya fi sauri, ya kuma fi jure jijjiga.

Na biyu shi ne ƙara RAM, misali daga gigabait 4 zuwa 8 ko 16. Sai dai nau'o'inta, kamar DDR3 da DDR4, ba sa shiga gurbin juna. Akwai kuma sababbin sirara da aka liƙe musu RAM a jikin allo, ba ta ciruwa, don haka mai saye ya tambaya kafin ya biya kuɗi.

Wani abin lura shi ne manhaja. A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11, a ƙa'ida akasari sai kwamfutar da ke da ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas, wanda ya fito a 2017, ko wanda ya biyo bayansa. Tokumbo da yawa sun girmi hakan.

Ajiyar bayanai

A watan Maris na 2016 wata gobara ta laƙume dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. Ana iya sake sayen kwamfutar da ta ƙone, amma lissafin bashin da ke cikinta ya tafi ke nan idan ba a kwafe shi ba.

Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya riƙa kwafe muhimman bayanansa a wani rumbun daban da zai ajiye a gida, ko kuma a ma'ajiyar intanet, aƙalla sau ɗaya a mako.