Nisa da Saiti a Tarihin Baka

Kalmar nan "kuskure", wadda yau a ke faɗa wa ɗalibin da ya ɓata lissafi, tana da wata ma'ana a bakin maharba. In kibiya ta wuce abin da aka bara ba ta taɓa shi ba, sai a ce ta kuskure shi, kuma ga dukkan alama wannan ma'ana ta girmi waccan. Tarihin baka kuwa, in an dube shi da kyau, tarihin rage kuskure ne. Abu biyu ne su ke gaban mai harbi, waɗanda sau da yawa a kan haɗa su a zaci ɗaya ne: na farko shi ne ya kai kibiya nesa, na biyu kuwa ya sa ta faɗa daidai inda ya ke so. An shawo kan na farkon tun ɗaruruwan shekaru da su ka wuce. Na biyun bai ba da kai ba sai a cikin ƙarni na ashirin, kuma yawancin aikin a Amurka aka yi shi.

Dalilin wahalar ba ɓoyayye ba ne. Daga lokacin da kibiya ta rabu da tsirkiya, faɗuwa ta ke yi. Wadda ke gudun mita 90 a daƙiƙa, watau gudun bakan zamani mai kyau, ta kan sauka kimanin mita ɗaya da rabi kafin ta ci mita 50. In aka ninka nisan ya zama mita 100, saukar ba ninki biyu za ta yi ba, huɗu za ta yi, har ta zarce mita 6. Saboda haka mai harbin nesa sama ya ke bara, kuma duk 'yar rawar da hannunsa ya yi, nisan hanya zai kumbura ta.

A ƙasar Hausa da makwabtanta an bi da wannan wahala ta wata hanya dabam. Bakan ice ne guda, kibiyar kyauro ce da kan ƙarfe mai kunne, ba a kuwa sa mata gashin tsuntsu a gindi yadda Turawa da Turkawa su ke yi don ta miƙe a iska. Irin wannan kibiya ba ta riƙe hanya da nisa. Abin da ya cike giɓin shi ne dafi, wanda a kan haɗa musamman da 'ya'yan kwankwani, itacen da gubarsa ke tsai da zuciya. Wanda ke da dafi a kwarinsa ba ya bukatar ya sami ƙahon zuci. In ya ƙwarzani cinya ko wuyan doki, ya gama aikinsa. Watau an faɗaɗa abin bara ne har ya zama jiki duka, maimakon a tsananta saiti. A fagen fama kuma sai a ƙara da yawa, 'yan baka su tsaya sahu su saki tare. Haka aka yi a Tafkin Kwatto cikin watan Yuni na 1804, inda jama'ar Shehu Usmanu, a ƙarƙashin Malam Abdullahi, su ka fuskanci Sarkin Gobir Yunfa da barade da 'yan lifida, alhali an ruwaito dawakin jama'a ba su wuce ashirin ba. 'Yan baka ne su ka tsaya har dawakin Gobir su ka juya. Shekara 99 bayan haka, a Burmi cikin 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, shugaban rundunar Turawa. Amma a nan an riga an ga iyakar dabarar, don wanda ke da bindiga mai cin yadi ɗaruruwa ba shi da dalilin barin ɗan baka ya matso.

Waɗanda su ka ƙure a wajen nisa su ne Turkawa. Bakansu gajere ne, na ƙaho da ice da jijiya da aka manne da danƙo, kuma a filin harbi na Okmeydani a Santambul an kafa duwatsu don tunawa da harbin da ya zarce mita 800. Sai dai wannan gasar nisa ce kawai, ba a tambayar abin da kibiyar ta samu. Mutanen Ingila kuwa, masu dogon baka irin wanda ya karya sojan Faransa a Agincourt cikin 1415, sun dogara ne ga ruwan kibau a kan taron jama'a. Bakunan da aka tsamo daga jirgin ruwan nan Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, da yawansu sai an ja da ƙarfin da ya wuce laba 100. Babu mahalukin da zai ja irin wannan nauyi ya tsaya yana lallaɓar saiti. Da ja da saki kusan tare su ke.

Sai da baka ya bar yaƙi ya koma wasa sa'an nan aka fara tunanin saiti sosai. Horace Ford, gwanin Ingila na tsakiyar ƙarni na sha tara, ya lura cewa mai jan tsirkiya zuwa kunne ya kawar da gindin kibiya daga ƙarƙashin idonsa, don haka ba ya ganin hanyarta. Ya koyar a riƙa tsai da hannu a ƙarƙashin haɓa, wuri ɗaya kullum. A 1857 ya ci maki 1,251 a gasar da a ke harbi daga yadi 100 da 80 da 60, kuma aka yi shekaru da dama ba wanda ya kamo shi. Abin da Ford ya gano shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya: gwanin nesa shi ne wanda harbinsa na yau ya yi daidai da na jiya.

A Amurka farauta ce ta raya baka. Cikin 1911 wani mutum da aka sa wa suna Ishi, na ƙarshen ƙabilar Yahi, ya fito daga dajin Kaliforniya, ya koya wa likitansa Saxton Pope yadda mutanensa su ke farauta. Pope ya lura cewa Ishi ba wani gwani ba ne a kan allon bara, gwanintarsa ita ce sanɗa da kwaikwayon kukan dabba har ta matso, abin da kowane Sarkin Baka zai gane nan take. Littafin Pope na 1923 ya jawo mutane da yawa, jihar Wisconsin ta keɓe wa masu baka lokacin farautarsu a 1934, sauran jihohi su ka bi. Da kasuwa ta buɗe sai masana su ka shigo. Clarence Hickman ya ɗauki hoton kibiya da kyamara mai sauri cikin shekarun 1930, aka ga ashe lanƙwashewa ta ke yi tana kaɗa jiki kamar kifi sa'ad da ta bar baka, kuma kibau biyu da taurinsu ya bambanta ba za su faɗa wuri ɗaya ba ko da mutum ɗaya ya harba su. Doug Easton ya amsa wannan da kibau na alminiyam, waɗanda a ke iya ƙera dozin guda da nauyi ɗaya da tauri ɗaya. Kyauro ko ice ba sa taɓa ba da haka.

Saura abu guda, shi ne jikin mutum. Kowane baka da aka sani tun fil azal, gwargwadon yadda aka ja shi gwargwadon yadda ya ke ƙara tauri, har ya zama mafi nauyi daidai lokacin da maharbi ke bukatar natsuwa. Wanda ya juya wannan ƙa'ida shi ne Holless Wilbur Allen, mutumin jihar Misuri. Abin mamaki, ba saiti ya fita nema ba, gudu ya ke so, don barewa na kauce wa kibiyarsa. Ya yanke bakin reshen bakansa biyu, ya ɗaura wa kowanne ɗan faifai mai juyawa, ya zagaya igiya a kansu. Bayan gwaje-gwaje sai ya kawar da ƙusar da faifan ke juyawa a kanta daga tsakiya zuwa gefe. Ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a watan Yuni na 1966, aka ba shi a watan Disamba na 1969, kuma Tom Jennings, maƙerin baka a Kaliforniya, shi ne ya fara karɓar izni ya yi ta ƙerawa. A nan an kira shi baka mai faifai. Ya kamata a bambanta shi da bakan ƙaho na Turkawa, don sunayensu na Ingilishi sun yi kama ƙwarai, mai fassara na iya haɗa su, alhali babu abin da ya gama su sai tsirkiya.

Aikin faifan shi ne wannan. Da fara ja, nauyi ya kan hau da wuri ya kai ƙololuwa, ya daɗe a can. Sa'an nan da faifan ya kife sai nauyin ya zube, igiyoyi su ɗauke yawancinsa. Bakan da ƙololuwarsa laba 60 ce, in yana sauke kashi 75 cikin ɗari, laba 15 kaɗai maharbi zai riƙe a ƙarshen ja. Na farko-farkon ba su sauke haka ba, amma na yanzu da yawa sun kai kashi 80 ko fiye. Amfani uku su ka fito daga nan. Mutum na iya tsayawa ya yi bara a natse. Bakan kuma ya kan tara ƙarfi fiye da na da, kibiya ta fi gudu, hanyarta ta fi miƙewa: wanda ya zaci nisa mita 50 ne alhali 55 ne, in aka ajiye maganar iska, kibiyarsa za ta sauka ƙasa da kimanin santimita 17 da bakan zamani, amma da bakan ice mai gudun mita 50 a daƙiƙa sai ta zarce rabin mita. Na ukun, wanda ba a cika ambata ba, shi ne cewa faifan yana da inda ya ke tokarewa, ba ya ƙara juyawa, saboda haka tsawon ja ɗaya ne kullum. Abin da Ford ya nema da horon shekaru, ga shi ƙarfe ya ba da shi kyauta.

Da maharbi ya sami sararin tsayawa, sai aka shiga toshe sauran ƙofofin kuskure ɗaya bayan ɗaya. Yatsu kan ture tsirkiya gefe wajen saki, aka ƙera 'yar kunama irin ta bindiga wadda ke kama ta ta sake ta a miƙe. Aka saƙa ɗan zobe a cikin tsirkiya daidai ido, mutum ya leƙa ta cikinsa ya daidaita shi da ma'aunin saiti na gaba, wanda masu gasa kan sa wa gilashi mai ƙara girma. Aka ɗaura sanda mai nauyi a gaban baka don rage rawa. Aka kuma ari ma'aunin nan na magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa, aka manna ƙaraminsa a jikin saiti. Wannan na ƙarshe ya fi kama da wasa, amma lissafi ya gaskata shi: tun da sama a ke bara, in baka ya karkace da digiri 3 kawai a mita 50, kibiya za ta kauce gefe da kimanin santimita 8. Daga shekarun 1980 kuma kibau na zaren kabon, sirara waɗanda iska ba ta turewa sosai, su ka fara maye gurbin alminiyam.

Hukumar harbin baka ta duniya ta shigar da baka mai faifai cikin babbar gasarta a Jakarta a 1995. A ƙa'idarta a kan harba kibau 72 daga mita 50, tsakiyar allon kuwa, mai maki goma, faɗinta santimita 8 ne, watau bai kai tafin hannu ba. A 2016 Braden Gellenthien na Amurka ya ci 718 cikin 720. Shaidar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta Matt Stutzman, wanda aka haifa ba hannuwa: da ƙafa ya ke riƙe baka, 'yar kunamar tana ɗaure a kafaɗarsa. A 2015 ya sami abin bara daga mita 283, a 2024 kuma ya ci zinariya a gasar naƙasassu ta Faris. A 2025 aka amince a shigar da irin wannan baka cikin wasannin Olamfik na 2028. Masu riƙe da tsohon baka su kan ce wannan inji ne, ba harbi ba, kuma maganarsu ba ta rasa ƙanshin gaskiya. Sai dai ko Ford da ya ga 'yar kunama da wuya ya ƙi gwada ta.

A daji kuwa al'amarin bai sake yadda ya sake a fili ba. Na'urar auna nisa da haske ta kawar da kintace, amma ba ta kawar da kunnen dabba ba. Sauti yana gudun kimanin mita 340 a daƙiƙa, kusan ninki huɗu na kibiyar bakan zamani mai kyau. Barewar da ke tsaye a mita 50 za ta ji ƙarar tsirkiya tun kibiya ba ta ci sulusin hanya ba, ta durƙusa don ta zabura, sai harbin da aka auna ga huhu ya sami baya ko ciki, dabbar ta tafi da rauni ta mutu inda ba a gani. Wanda ba shi da dafi ba shi da rangwamen da maharbin ƙasar Hausa ya ke da shi. Don haka ƙungiyoyin mafarauta a Amurka su na ta jayayya a kan iyakar da ta dace, kuma masu koyarwa su kan ce a yi gwajin nesa a kan allo don harbin kusa ya zo da sauƙi. Yawancin barewar da a ke kashewa da baka mai faifai a gabashin ƙasar, daga ƙasa da yadi 30 a ke harbinsu, maharbin yana laɓe a kan itace.