Sinnar: madatsa, agashe da dajin Dindir

Sinnar gari ne a gaɓar Shuɗin Nilu, kimanin kilomita 300 kudu da Khartum, kuma a 2025 madatsar ruwansa ta cika shekara 100 da kammalawa. Abubuwa uku suka daɗe suna jawo baƙi yankin: bakin madatsa, naman agashe, da gandun dajin Dindir. Biyu na farko ba sa rabuwa da tarihin Hausawan Sudan.

Tsohuwar Sinnar ita ce hedikwatar daular Funj, wadda Amara Dunƙas ya kafa a 1504. Sojojin Muhammad Ali na Masar suka rusa daular a 1821, birnin ya koma kufai. Tun a wancan zamani alhazan Afirka ta Yamma ke ratsa ƙasar a ƙafa zuwa Makka, wasu su yada zango su yi noma, wasu su zauna ke nan.

Babban ayari ya zo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran masu hijira gabas, a 1906 suka zauna kudu da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Bayan haka aka gina madatsar a ƙauyen Makwar, aka gama a 1925. Tsawonta ya ɗara kilomita 3, ita ce ke shayar da gonakin audugar Jazira, kuma sabon garin Sinnar a gindinta ya girma. Hausawa da Fulani sun shiga aikin gini, haƙar magudanai da tsinkar auduga, ƙauyukansu suka jeru a bakin kogi da gefen gonaki.

A nan maganar agashe ta shigo. Nama ne da ake yankawa falle-falle, a tsire a tsinke, a barbaɗe da yajin ƙuli-ƙuli, a jera gefen garwashi. Wato tsire ne, sunan kuma Hausa ce tsantsa: nama a gashe. Akwai masu ganin gashin Sudan ne kawai da aka sauya wa suna. Wannan bai tsaya ba, domin shayya ta Larabawan Sudan da salat da ƙabilar Beja ke gasawa a kan duwatsu ba su san garin gyaɗa ba. Akwai kuma masu jingina komai ga hanyar hajji. Hanyar ta kawo mahauta da yaji, amma matafiyi mai tattalin guzuri ba ya raya tukuba. Abin da ya raya ta shi ne lada: madatsa da auduga sun tara leburori, ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa masu kuɗi a aljihu da yamma. Daga garuruwan kogin sana'ar ta bazu har Wad Madani da Khartum. Haka matan Hausawa suka shigar da godo-godo, abin sha na gero da nono, cikin abincin kasuwa.

Ƙasan madatsa wurin kamun kifi ne, inda ake soya karfasa da giwan ruwa da ɗuminsu, iyalai kuma su fito shan iska ranar Juma'a da lokacin Sallah. Mai son daji sai ya nufi gabas zuwa Dindir, wanda aka keɓe a 1935 a kan iyakar Habasha, UNESCO ta sa shi cikin muhallan da take karewa a 1979. Da rani ake shigarsa, lokacin da kogin Dindir ke tsinkewa ya bar tafkuna, inda ɓauna, gadu, barewa da zaki ke zuwa shan ruwa.

Rikicin Yulin 2022 a jihar Shuɗin Nilu, wanda ya taso kan batun sarautar Hausawa, ya sake tayar da kiran su baƙi. Zama na fiye da shekara 100, da abincin da duk Sudan ke ci da sunansa na Hausa, sun isa amsa. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a Afrilun 2023 ya tsayar da yawon buɗe ido: Singa, hedikwatar jihar Sinnar, ta faɗa hannun dakarun RSF a Yunin 2024, sojoji suka ƙwato ta a Nuwamba.